Da Aljanu Suka Shigo Birni: Waiwaye Kan Hukuncin Masu Karatu

Akwai wani nau'in labari da ya daɗe yana cin kasuwa a wurin masu karatun Hausa, ko da yake manazarta ba su cika tsayawa a kansa ba. Labari ne da ake ginawa a cikin gari irin namu, mai fitilun titi da cunkoson ababen hawa, mai asibiti da jami'a da banki. A cikinsa akwai saurayi da budurwa masu son juna, akwai wani sirri da ya hana su sakat, sannan akwai hannun da ido ba ya gani. Wata yarinya ce duk wanda ya kai kuɗin aurenta sai ya rasu kafin ranar ɗaurin aure. Wani gida ne a unguwar masu hali da ba a taɓa cika shekara a cikinsa ba. Wani matashin likita ne ya kamu da son budurwar da ba wanda ya san gidan iyayenta, kuma ba a ganinta sai bayan magariba. Mai karatu yana shiga labarin da tambayoyi uku a ransa: wa ke aikata wannan abu, me ya sa, kuma shin masoyan nan za su tsira?

Abin da nake son in waiwaya a kai shi ne bakin masu karatu, wato yadda suke yanke wa irin wannan labari hukunci a jiya da yadda suke yi a yau. Dalilina shi ne, wannan nau'in rubutu bai tashi a hannun makaranta ko babban kamfanin ɗab'i ba. Ra'ayin masu karatu ne ya raine shi tun yana rarrafe. Saboda haka duk sauyin da ya sami ra'ayin nan, sai an ga alamarsa a jikin labarin.

Aljanu ba baƙi ba ne a ƙagaggen labarin Hausa. Suna nan tun gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da littattafan farko guda biyar. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja sai da ya yi hulɗa da su kafin ya kai ga ruwan da ya fita nema. Ganɗoki na Bello Kagara ya kai yaƙi har ƙasashensu. Jiki Magayi kuwa ya haɗa soyayyar da dukiya ta raba da asirin ramuwar gayya. Sai dai aljanun wancan zamani suna can nesa. Sai jarumi ya bar gida, ya keta daji, ya ƙetare ruwa kafin ya same su. Mai karatun lokacin kuma yawanci ɗan makaranta ne da aka zaɓa wa littafi aka ɗora masa a aji. East da hukumarsa ta Zariya su ne ke cewa wannan ya yi, wancan bai yi ba. Haka aka ci gaba a zamanin hukumar NORLA, har zuwa kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a 1966. Yaro yana iya son littafi ko ya ƙi shi, amma ra'ayinsa bai wuce shi da abokansa ba, kuma ba ya ƙara ko rage abin da za a buga gobe.

A 1980 aka fitar da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, ɗaya daga cikin littattafan da suka yi nasara a gasar NNPC. A cikinsa aljana ta shiga tsakanin masoya biyu, Boɗaɗo da Yasir. Wannan ya matso da aljani kusa, ya shigo da shi cikin sha'anin so da aure. Bayan 'yan shekaru kaɗan kuma sai ƙasa ta juya gaba ɗaya. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin yara masu iya karatun boko. Hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 ta koya wa magidanta da matan aure karatu da rubutu. Matsin tattalin arziki, wanda shirin SAP na 1986 ya ƙara tsananta shi, ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i. Ga masu karatu sun yi yawa, ga masu buga littafi sun yi rauni. Sai matasa suka ɗauki alƙalami da kansu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a 1984, Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da sauran 'yan ƙungiyar Raina Kama suka biyo baya. Marubuci zai tara kuɗinsa, ya kai wa mai injin bugu, ya ɗauki kayansa ya kai wa 'yan littattafai a kasuwa. Daga wannan lokaci, aljihun mai karatu da bakinsa suka zama alƙalai.

A wannan zango ne aljanu suka tare a cikin birnin labari. Bahaushe dama ya san tare muke zaune da su. Ya san tsamiya da kuka, ya san kango da bola da maƙabarta, ya san dalilin da ya sa ake kiran yara su shiga gida da almuru, ake kuma hana zubar da ruwan zafi ba tare da bisimilla ba. Ya ji labarin Tsumburbura a kan Dala, ya ji na birnin Jangare a bakin 'yan bori, sama da duka kuma ya karanta Suratul Jinni a allo. Shekarun 1990 suka ƙara wa abin wuta. A tsakiyarsu ne aka yi ta maganar aljana Sumbuka a makarantun 'yan mata na Kano. Kaset-kaset na ruƙya suka cika kasuwa, ana jin malami yana yi wa aljani tambayoyi yana amsawa ta bakin marar lafiya. Finafinan Indiya irin su Nagin na 1976 da Nagina na 1986, na macijiyar da ke rikiɗa ta zama mace, sun riga sun zauna a zukata. Ga kuma jita-jitar matsafa da 'yan shan jini, wadda takan yi ƙarfi duk lokacin da talauci ya yi tsanani amma ake ganin wasu suna kuɗancewa dare ɗaya.

Marubuta suka ɗebo daga wannan rijiya. Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa ya yi suna da labaran al'ajabi. Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro suka shahara da labaran da ke sa tsikar jiki tashi. Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya riƙe tsohuwar hanyar jarumai da biranen nesa. Mata marubuta kuma suka shigo da abin cikin ɗaki: kishiya da bokanta, kurciya da farraƙu da mallaka, da namijin dare da ke korar duk manemin da ya zo.

To, yaya mai karatu yake bayyana ra'ayinsa a wancan lokaci? Mu da muka taso a zamanin shagon haya mun san babu inda ake sharhin littafi kamar gaban teburin mai shago. Mutum zai dawo da littafi na ɗaya, ya tsaya yana faɗa wa na kusa da shi inda ya fi girgiza shi, wani ya ce ai bai kai wane ba, musu ya kaure. Mai shago yana ji, kuma abin da ya ji shi yake kai wa dillali, dillali ya kai wa marubuci. Jikin littafin ma shaida ne. Wanda bangonsa ya yage aka liƙe, gefen takardunsa ya yi baƙi da yatsu, ba sai an tambaya ba, an san ya karɓu. Wanda ya yi wata uku yana ƙyalli kuwa, hukuncinsa ya riga ya fito. A cikin gidaje littafi ɗaya kan zaga daga uwargida zuwa amarya, zuwa 'yan matan gida, ya tsallaka maƙwabta ta hannun yaro. A makarantun kwana akan samu mai iya karatu da murya ta karanta wa 'yan ɗaki da dare, idan aka zo wurin tsoro kowa ta matso kusa da 'yar'uwarta.

Akwai kuma wasiƙa. Marubuta kan sa adireshinsu a cikin littafi, masu karatu su rubuto daga garuruwa na kusa da na nesa. Wasiƙa tana cin takarda da ambulan da kan sarki da tafiya gidan waya, sannan ta yi makonni a hanya. Wanda ya ɗauki wannan wahala, ya gama littafin ne, ya kwana da shi a rai, ya san abin da zai ce. Tsarin buga littafi kashi-kashi ya ƙara wa ra'ayinsa nauyi, domin sai na ɗaya ya fita ake samun kuɗin buga na biyu. Duk da haka, tsakanin kashi da kashi akwai watanni, kuma marubuci yana zaune shi kaɗai da takardarsa yana saƙa abinsa yadda ya tsara.

Idan aka saurari abin da masu karatu ke faɗa game da labarin soyayya da aljanu, za a ga ma'auni uku suke amfani da su, ko da ba su taɓa kiran su da suna ba. Na farko shi ne kamu. Za ka ji an ce littafin nan ya hana ni barci, ko na kasa fita tsakar gida da dare, ko ban ajiye shi ba sai da na ga ƙarshensa. Wannan yabo ne babba, domin tsorata Bahaushen da ya girma da tatsuniyar dodo da labarin fatalwa ba ƙaramin aiki ba ne. Masu karatu sun gane tun tuni cewa marubucin da ya fi tsoratarwa shi ne mai rowar bayani, wanda zai sa a ji takun tafiya a ɗakin da aka kulle, ya bar mutum yana zato. Wanda ya fito da aljani tun shafi na biyu da jajayen idanu da kofato, ya riga ya zubar da jarinsa.

Ma'auni na biyu shi ne wanda ya fi burge ni, wato ko hankali zai ɗauka. Wani zai yi mamakin a ce ana neman hankali a labarin aljanu, amma a nan ne mai karatun Hausa ya bambanta da takwaransa na Amurka ko Ingila. Wadda ta karanta Twilight na Stephenie Meyer, wanda ya fito a 2005, ta san saurayin nan mai shan jini da ba ya tsufa babu shi a duniya. Abin da kawai za ta bi marubuciya bashi shi ne kada ta karya dokokin da ita da kanta ta shimfiɗa. Mai karatunmu kuwa ya yi imani akwai aljanu, kuma yana da ilimin da yake auna su da shi. Ya san a cikinsu akwai Musulmi akwai kafirai. Ya san ba su san gaibu ba, domin ya ji ƙissar rasuwar Annabi Sulaimanu, yadda suka ci gaba da aikin wahala ba su san ya cika ba har sai da gara ta cinye sandarsa. Ya san matsayin Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi. Saboda haka idan marubuci ya ba aljani sanin abin da zai faru gobe, ko ya sa jaruma ta yi addu'o'inta cikakku amma abin ya ci gaba da wasa da ita ba tare da an ba da dalili ba, nan take za a ce ƙaryar ta yi yawa. Idan ya aurar da mutum ga aljana, musu ya tashi ke nan, domin mas'ala ce da malamai da kansu suka yi saɓani a kanta. Marubucin Hausa yana rubutu ne a gaban mutanen da suke ganin sun san halin wanda yake ba da labarinsa, kuma wannan takunkumi ya sa gwanaye daga cikinsu suka iya taka-tsantsan.

Ma'auni na uku shi ne ƙarshe. Mai karatu yana son ya ga boka ya tozarta, wanda ya je wurinsa ya girbi abin da ya shuka, masoya kuma sun yi aure ko an ba shi gamsasshen dalilin rabuwarsu. Wannan shi ake kira darasi, kuma littafin da aka ce ba shi da darasi ya faɗi ko da ya yi daɗi. Amma masu kaifin ido ba su tsaya nan ba. Sukan yi ƙorafi idan marubuci ya ƙulla sirri na tsawon kashi uku, sannan a shafukan ƙarshe ya kawo wani malami daga wani ƙauye ya yi ruƙya, aljani ya zayyane komai da bakinsa, a tashi. Suna son idan gaskiya ta fito su dafe kai su ce ashe tun farko an nuna mana, mu ne ba mu lura ba. Labaran da suka fi zama a zukata su ne waɗanda a ƙarshe ake gane cewa aljani ɗan aike ne kawai, mai laifin na gaske mutum ne da ke cikin gida, ana cin abinci da shi, ana kai masa kuka. Irin wannan labari yana faɗar wata gaskiya game da zaman birni, inda maƙwabci bai san asalin maƙwabcinsa ba, inda yarinya ke haɗuwa da saurayi a hanyar makaranta ba wanda ya san kakansa. Budurwar da ba a san gidansu ba, tsoron iyaye ne aka ba shi siffa.

A daidai lokacin da masu karatu ke wannan awo, manya suna nasu a sama. A shekarun 1990 aka yi doguwar muhawara a jaridu kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano. Shi yana ganin rubutu ne marar zurfi da ba zai daɗe ba, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suna kare shi, Ibrahim Sheme kuma ya ba muhawarar fili a shafin adabi na New Nigerian ta ƙarshen mako. Daga baya hukuma ta shigo. An kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Kano a 2001. A 2007 aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a zamanin gwamnatin Ibrahim Shekarau, bisa zargin ɓata tarbiyya. A 2008 aka nemi marubuta su yi rajista da hukumar. A duk wannan kai-komo an yi magana a kan mai karatu sosai, musamman 'yan mata, amma da wuya aka yi magana da shi. An ɗauke shi wanda ake ɗura wa abu ya haɗiye, alhali shi ne ya fi kowa tsananta wa marubuci kan abin da ya saɓa wa addini da hankali.

Sai waya ta zo. Layukan salula sun shigo Nijeriya a 2001, ba a jima ba lambar waya ta maye gurbin adireshi a cikin littafi. Da manyan wayoyi suka wadatu, labarin da kansa ya bar takarda ya koma Facebook da WhatsApp da Wattpad, masu karantawa da murya kuma suka ɗora shi a YouTube. Shagunan haya suka yi ta rufewa. Yanzu marubuciya takan rubuta shafi ɗaya ko biyu da yatsa a waya, ta saki da dare, kafin gari ya waye ra'ayoyi sun taru.

Alherin wannan sauyi a fili yake, kuma yabon gwani ya zama dole. Matar da ke cikin gida, wadda a da sai ta aiki yaro shagon haya, yau tana faɗa wa marubuciya ra'ayinta kai tsaye. Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram, ko a zangon Kumasi, ko Bahaushen Sudan da na Makka, yana karanta shafi a daren da na Kano ya karanta shi. Yarinyar da ba ta da kuɗin bugu tana iya gwada basirarta, idan ta iya a san ta cikin 'yan makonni. Kuskure kuma ba ya kwana. Idan marubuci ya sa likita ya yi abin da likita ba ya yi, ko ya kawo addu'a ba daidai ba, a cikin masu karatu akwai ma'aikaciyar jinya da malamar Islamiyya da za su gyara masa nan take. Wanda bai iya karatu ba ma ya samu shiga, yana saurara yana tofa albarkacin bakinsa.

Amma akwai abin da ya salwanta, kuma labarin sirri da aljanu ne ya fi kowa jin jiki. A da ana yanke hukunci bayan an gama karatu. Yau ana yanke shi labari yana tsakiyar tafiya, kamar mai ɗanɗana miya tun tana kan wuta yana cewa a ƙara wannan a rage wancan, har ta tashi daga miyar da mai girki ta yi niyya. Labarin sirri yana buƙatar marubucin da ya san ƙarshensa tun kafin ya fara, ya binne alamu a hanya, ya jure a zarge shi da ɓata lokaci. Idan masu karatu suka canko mai laifi tun a shafi na goma, marubuci marar ƙwari sai ya sauya shi don kada a ce an gano shi, alamun da ya shuka a baya su tashi a banza. Idan suka kamu da son aljanin saboda an siffanta shi da kyau da dukiya da kishi, sai a yi ta roƙo kada a ƙona shi, a bar shi da jaruma. Ta haka aljanin da aka shigo da shi don ya tsoratar yakan rikiɗe ya zama wani attajirin saurayi mai girman kai, irin wanda ya cika sauran littattafan soyayya. Tsoro ya tafi, sirri ya tafi, saura zallar shauƙi.

Shi kansa sharhin ya rame. Mafi yawan abin da ake rubuto wa marubuci a yau bai wuce Allah ya ƙara basira, muna jiran ci gaba, don Allah a ƙara yawan shafi. Addu'a abu ce mai kyau, amma ba ta gaya wa marubuci inda zarensa ya tsinke. Marubuta da yawa kuma sun mayar da sharhi haraji, suna cewa in ba a yi ba za su daina rubutu, sai mutane su yi ta turo yabo don kada a katse musu jin daɗi. Wanda ya yi ƙarfin halin cewa wuri kaza bai yi ba, masoyan marubuci su yi masa ca, a kira shi maƙiyi ko ɗan hassada, wani lokaci a fitar da shi daga zauren. Tsarin biyan kuɗi kafin a ci gaba da karatu, wanda haƙƙin marubuci ne kuma babu laifi a cikinsa, ya zo da tasa jarrabawar: ana zuba duk gwaninta a shafukan kyauta, idan an biya sai labari ya yi ta jan ƙafa. Inda aka ga batsa na jawo jama'a, wasu sun fake da aljanin dare suna rubuta abin da ba za su iya karantawa a gaban iyayensu ba. Gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, tana da alƙalai masu tacewa, amma ta gajerun labarai ce. Dogon labarin soyayya da aljanu ba shi da edita, ba shi da alƙali, sai mai karatu.

Shi ya sa nake ganin nauyin da ke kan mai karatun yau ya fi na mai karatun shagon haya. Wancan yana da dillali da mai shago da tsawon watanni a tsakaninsa da marubuci, duk suna tace maganarsa kafin ta isa. Na yau maganarsa tana faɗawa kunnen marubuci a daren da ya yi ta, kuma tana iya juya alƙalami. Wanda yake da irin wannan iko bai kamata ya yi wasa da shi ba. Ma'aunan nan uku da magabatanmu a karatu suka yi aiki da su ba su tsufa ba. Har gobe ana iya tambaya ko labari ya kama zuciya da gwaninta ko da hayaniya, ko abin da aka faɗa game da aljanu ya dace da abin da addini ya karantar da kuma dokar da labarin ya ɗora wa kansa, ko ƙarshen ya fito daga cikin labarin ko an jefo shi ne daga sama don a huta. Ana iya ƙara na huɗu, wanda zamani ya wajabta: shin soyayyar da aka nuna soyayya ce, ko tilas da mallaka ne aka yi wa kwalliya?

Ga marubuta kuma, musamman ƙannenmu mata da suka fi yawa a wannan fage, shawarata ita ce ku gama saƙa labarinku a zuci ko a takarda kafin ku saki shafin farko. Ku saurari masu karatu a kan kuskuren ilimi da na harshe, amma kada ku ba su ragamar ƙarshen labari. Ku riƙe mai gaya muku gaskiya da hannu biyu, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya nuna muku inda labari ya yi rauni ya fi ƙaunar rubutunku a kan mutum ɗari da suka turo yabo ba su faɗi dalili ba.

Kai kuma mai karatu, ke kuma mai karatu, idan labari ya burge ku, ku faɗi abin da ya burge ku da dalilinsa. Idan ya gaza, ku faɗi inda ya gaza cikin ladabi, ba tare da cin mutunci ba. Ku yi haƙuri ku kai ƙarshe kafin ku yanke hukuncin ƙarshe, kada kuma ku tona sirrin labari ga wanda bai karanta ba. Ku biya marubuci haƙƙinsa, ku daina yaɗa littafin kuɗi a ɓoye. Wannan adabi bakinku ne ya gina shi tun daga 1984 zuwa yau, kuma ingancin abin da za a rubuta mana gobe ya dogara ne ga ingancin abin da kuke faɗa a yau.